Alkawari Biyu a Wuyan Mutum Ɗaya

A shekarar 2013 ina rubuta wa wani ƙaramin situdiyon rediyo a unguwar Dokki ta Alƙahira shiri kan labaran gargajiya na al'ummomin duniya. Lokacin da na zo kan Keltawa, tsoffin mazauna Ailan da Sikotlan, dokar hana fita tana korar kowa gida da wuri, don haka a ɗakinmu na haya da ke unguwar Hadayek el-Maadi nake gwada karatun. Mai saurarena ɗaya ne: abokin zamana, wani Bakatsine ɗalibin Shari'a da ke maimaita ajin ƙarshe.

Na karanta masa labarin wani jarumi da aka ɗora wa hani biyu: kada ya ƙi abincin da aka yi masa tayi, kada kuma ya ci naman kare. A hanyarsa ta zuwa yaƙi ya tarar da wasu tsofaffin mata suna gasa kare, suka yi masa tayi. Ya ci. Ƙarfi ya bar hannunsa, kuma bai dawo daga yaƙin ba.

"Jarumin nan naka jahili ne, Malam ɗan rediyo," in ji shi, yana dariya. "Da ya leƙo ajinmu da mun ba shi fatawa. Ka karya mai sauƙin, ka yi kaffara, khalas, shi ke nan."

"Ustaz, su ba su da kaffara."

"Shi ya sa suka ƙare."

Shi ma yana da nasa biyun. Ranar da zai baro Katsina mahaifinsa ya sa shi ya rantse ba zai taka gida ba sai da takardar kammalawa. Mahaifiyarsa kuma ta karɓi alkawari cewa duk ranar da ta kira shi zai zo. Bayan hirarmu da kaɗan ta kira. Ciwon ƙoda ne, ya yi nisa. Jarrabawar waɗanda suka faɗi kuwa saura 'yan makonni.

Ya bi abin da aka koya masa. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Wustul Balad, tsakiyar birnin, ya sayi koshari, wato dafa-dukar Masarawa, na mutum goma, muka raba wa mabukata a bakin titi. Ya kama kujera a jirgin saman da ke zuwa Kano, sannan ya kira mahaifinsa. Wayarsa ba ta ji sai an buɗe murya, shi ya sa na ji komai.

"Baba, ina tafe ranar Alhamis."

"Madalla. Da takardar?"

"Tukuna, Baba. Amma na yi kaffara."

"To, ka biya Allah nasa. Ni fa?"

Tsohon ya kashe wayar.

Alhamis ta same shi a ɗaki yana bitar babin gado. Ya zauna jarrabawar. Mahaifiyar ta rasu kafin a kafe sakamako, da aka kafe kuma ya ci da daraja mai kyau. Ɗalibai suka cika ɗakinmu suna gaisuwa, wasu na manta wace ce za su fara yi, ta rasuwa ko ta murna.

Daga baya ya kama aikin yi wa majinyatan da ke zuwa daga Najeriya tafinta a asibitoci. Mahaifinsa ya yi ta aiko saƙo cewa yanzu ƙofa a buɗe take. Amsarsa kullum ita ce sai bayan Sallah. Har na baro Alƙahira a 2015 bai sayi tikiti ba.