Lambar da Malam Ya Zana a Ƙasa

Kafin a san ni da ɓarawo, ɗan acaɓa mai haƙuri aka san ni. A wani ƙauye na Tudun Kaya aka haife ni, cikin ƙasar Karaye, gidanmu gidan noma ne, dawa da gyaɗa. Makarantar allo na fara na bari tun ban yi nisa ba, ta boko kuwa ko ƙofarta ban taka ba. Abin da na iya kawai lambobi ne, su ma na boko, waɗanda na koya a jikin kuɗi da jikin waya. Yanzu na haura shekara arba'in, kuma da hannuna nake rubuta muku wannan, ku matasa, ina gogewa ina sakewa.

Dattawa sun fi son hawa mashin ɗina, don ba na gudu kuma ba na ƙosawa da jira. Cikinsu akwai Malam Haladu, malamin allo na unguwarmu, wanda ya raɗa wa 'ya'yana biyu suna. Ni nake kai shi kasuwa, ni nake kai shi ta'aziyya. In ya hau sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗana, mu tafi da bismilla.”

Abin da ya fara jan hankalina fim ne. Da yamma in na ajiye mashin sai gidan kallo a cikin Karaye, inda ake sa finafinan ƙasashen waje masu fassarar Hausa. Wanda na fi so shi ne na masu fasa taskar kuɗi. Jarumi zai isa gaban wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai madannai a jiki, kuma dama uku kawai gare shi. Ya danna ta farko, jar wuta ta kama. Ya danna ta biyu, jar wuta. Mai fassara ya ƙanƙance murya ya ce, “To jama'a, saura ɗaya.” Gidan kallo ya yi tsit, mai cin gyaɗa ya daina tauna. Jarumi na zufa, ya rufe ido, ya tuno wani abu da mai taskar yake ƙauna, ranar haihuwar 'yarsa ko sunan matarsa, ya danna, koriyar wuta ta kama, ƙofa ta buɗe. Mu tashi tsaye muna tafi kamar mu za a raba wa kuɗin.

Wata rana na tambayi abokina Ɗan'azumi mai cajin waya, me ya sa kullum uku ce, ba biyar ba, ba goma ba. Ya ce, “In aka ba shi goma ai sai ka yi barci kafin ya gama. Uku ce daidai kuɗin da ka biya a ƙofa.” Muka yi dariya. Amma ni abin da na riƙe daban ne. Duk kallon da na yi, ban taɓa ganin jarumin da ya faɗi a ta uku ba.

Da ƙaramin abu na fara. Wani fasinja ya manta wayarsa a aljihun mashin ɗina, na ce bari in gwada kafin in mayar masa. Na danna ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ta buɗe. Daɗin da na ji a ƙirjina ranar ya fi ƙarfin wayar. Ban mayar ba. Daga nan na daina jiran a manta, na fara sa hannu a cunkoson kasuwa. Mutanenmu ba sa wahalar da kansu wajen zaɓen lamba, wani sifili huɗu, wani ƙarshen lambar wayarsa. Da yawa suna buɗe mini tun a ta biyu. Na fara ganin kaina a matsayin mai wata baiwa da Allah bai ba kowa ba. Matata ta tambaye ni inda nake samo wayoyi, na ce gyara ake ba ni in kai birni. Ta dube ni ta ce, “Kai da ko sunanka ba ka iya karantawa?” Na yi fushi na fita.

A wannan lokacin idon Malam Haladu na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma ya fara dishi-dishi. Likita a Kano ya ce sai an yi aiki da wuri, in ba haka ba zai bi ɗan'uwansa, ya kuma sa masa rana. Tsofaffin ɗalibansa da ke Legas da Kaduna da sauran garuruwa suka haɗa kuɗi suka tura asusunsa na banki. Kowa a unguwa ya sani, ni ma na sani, don a bayana yake zaune yana sa musu albarka.

Ana saura kwana kaɗan tafiyar, na je ɗaukarsa zuwa wata walima. Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa tare da ƙanensa Malam Ɗahiru, wanda zai raka shi asibiti. Malam Ɗahiru ya ce, “Yaya, tunda ba ka ganin madannai, ni zan danna in mun je. Mece ce lambar katin bankin?” Akwai mutane a kusa, don haka Malam bai faɗa da baki ba. Ya sunkuya ya zana a ƙasa da yatsa, Malam Ɗahiru ya duba ya gyaɗa kai, Malam ya shafe da tafin hannu. Ni kuwa ina tsaye a bayansu, idona ƙyam a wurin. Bakwai na gani, da sifili, da ɗaya, da tara. Zuciyata ta buga irin bugun gidan kallo.

Da muka dawo daga walimar na kama hannunsa ina saukar da shi daga mashin, ɗaya hannun nawa kuma yana cikin aljihun rigarsa. Ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana.” Na ce amin, katinsa na cikin tafina.

Washegari ranar kasuwar Rogo ce. Na zaɓi can don ba a san ni sosai ba. Duk tsawon hanya ina tuƙi ina waƙa. Na sami rumfar wata mata mai na'urar cire kuɗi, wata Hajiya mai tabarau, mutane sun yi layi, 'yan gyaɗa da 'yan awaki. Da layi ya zo kaina na gaishe ta sosai, na miƙa kati, na faɗi abin da nake so. Ta sa katin ta juyo mini da na'urar.

Na danna bakwai, sifili, ɗaya, tara. Ta duba ta ce, “Malam, lambar ba daidai ba ce.”

Ban damu ba, har murmushi na yi, don a fim ma haka ake farawa. Na tsaya na yi tunani. Malam mutumin allo ne, daga dama yake fara rubutu. Ashe baibai na karanta. Na ji kaina ya yi girma da wannan basira. Na danna tara, ɗaya, sifili, bakwai.

Ta ce, “Har yanzu dai. Bawan Allah, saura maka ɗaya fa. In ka sake kuskure katin zai kulle. Ka je gida ka tambayo, ko ka kira wani.”

Ku lura da kyau, matar nan hanya ta buɗe mini. Da na karɓi katin na koma na jefa shi a zauren Malam, da babu wanda zai sani, da an tafi Kano ranar da aka sa. Amma da ta ce saura ɗaya, ba muryarta na ji ba, muryar mai fassara na ji. Wani mai awaki a bayana ya ce, “Kai in ba ka san lambarka ba ka matsa mana, ko ta matarka ce ka sato?” Aka yi dariya, ni ma na yi. Na rufe ido kamar yadda na ga ana yi. Me Malam yake ƙauna? Izifi sittin na Alƙur'ani, da sunayen Allah casa'in da tara. Ina kunyar rubuta wannan, amma haka na yi: na ɗauki abu mai tsarki na sa a cikin sata. Na danna shida, sifili, tara, tara.

Babu jar wuta, babu jiniya. Wata 'yar takarda ce kawai ta fito. Hajiya ta yage ta, ta duba, ta zare katin ta riƙe a hannunta, ta ce a hankali, “Ya kulle. Yaya sunanka?”

Sai a lokacin na tuna akwai suna a jikin kati. Na san Malam da Haladu, don haka na ce Haladu. Ta ce, “Haladu wa? Nan Khalid aka rubuta, da sunan uba da na kaka. Faɗa mini su.” Ban sani ba, kuma ga su a rubuce a gaban idona ban iya karantawa ba. Na juya zan gudu, mai awakin nan ya riƙe wuyan rigata. Da ba don wasu dattawa sun shiga tsakani ba, da a kasuwar zan ƙare. Aka miƙa ni ga 'yan sanda, aka je ɗakina aka sami wayoyin mutane a cikin tukunya, alƙali ya haɗa duka ya tura ni gidan yari.

A can matata ta zo ta gaya mini sauran labarin. Katin ya zama shaida a kotu, ga shi kuma a kulle. Da aka kai Malam banki don a ba shi kuɗinsa, sai aka ga sunan da ke katin shaidarsa ya bambanta da na asusun da harafi ɗaya, gyaran ya ɗauki makonni. Ranar aiki ta wuce. Kafin a sa wata ranar, idon ya tafi. Na ce mata, “Amma ai ban ci ko kwabo ba.” Ta ce, “Haka kowa ke faɗa a gari. Ba ka ci ko kwabo ba, Malam kuma ba ya gani.”

A gidan yari akwai ajin yaƙi da jahilci. Da farko don in fita daga ɗaki na shiga, daga baya ya zama abin da nake kwana ina ɗoki. Ranar da na karanta kalmar farko da kaina, a jikin buhun shinkafa, na yi ta zagaya fili ina nuna wa kowa har suka gaji da ni. Wata safiya malaminmu, wani ma'aikaci mai suna Malam Bala, ya ce tunda yawancinmu 'yan allo ne, bari ya jera mana lambobin Larabci a ƙarƙashin na boko. Ya rubuta biyar ta Larabci, sai na ga ɗan da'ira, sifilina sak. Ya rubuta shida, sai na ga bakwai ɗina. Na miƙe tsaye ban sani ba.

Ya ce, “Lafiya, dattijo?”

Na ce, “Malam, wannan ba bakwai ba ce?”

Ya ce, “A boko bakwai ce. A allo shida ce.”

Ashe Malam Haladu da lambobin Larabci ya yi zanensa, don su ya sani. Shida, biyar, ɗaya, tara. Ɗaya da tara sun yi kama a rubutun biyu, su suka ruɗe ni na ɗauka duka na gane. Da na ba 'yan aji labari, wani ya ce, “Ka ga da ka zauna a makarantar allo da ka zama cikakken ɓarawo.” Aka yi ta dariya har Malam Bala. Ni kuwa na zauna ina gode wa Allah da ban sani ba, don da lambar ta buɗe ranar, da ba zan tsaya a kan Malam ba.

Da wa'adina ya cika aka sake ni, ban wuce gida ba sai da na tsaya ƙofar Malam. Yana zaune a kan buzunsa, ɗalibai na biya masa karatu yana gyara musu da ka. Na yi sallama na durƙusa nesa. Ya karkata kai ya ce, “Wannan muryar mai mashin ce.”

Na ce, “Ni ne, Allah gafarta Malam. Na zo neman gafara.”

Ya gyara zama a kan buzun. Sannan ya ce, “Na yafe tun kana can. Ba don kai ba, don kada in je gaban Allah da kaya. Idon dai ba zai dawo ba, kada ka sa rai in ce maka ba komai.” Na ce na sani. Ya ce, “An ce ka koyi karatu.” Na ce na fara. Ya ce, “To ka riƙe. Ni na rasa nawa, kai ka samu, kada a yi asara biyu.”

Yanzu noma nake yi, ina kuma zuwa ajin manya da yamma. Dattawan unguwa ba su ƙara hawa bayana ba, kuma ban ga laifinsu ba. Har gobe ina son fim, amma na gane wanda ya rubuta labarin shi ya san lambar tun farko, shi ya sa ta uku take buɗewa. Kuma ba a taɓa nuna mana mai taskar washegari ba, abin da ya tara kuɗin dominsa, da halin da ya shiga.

Ku matasa, in waya ko katin wani ya faɗo hannunku, ku nemi mai shi tun yatsanku bai taɓa madanni ba. Kada ku ce gwadawa kawai za ku yi, ni ma gwadawa na yi. In kuma kun riga kun fara, wani ya ce muku ku je gida, ku tafi. Ku zauna a makaranta, ta allo da ta boko, har ku gama. Ni an sake ni, ina gani, ina rubutu. Malam Haladu kuwa kullum sai an ja masa sanda zuwa masallaci, kuma ta ƙofar gidana suke wucewa.