Baba Zacharie, Mai Taka Fili Ba Takalmi

Har zuwa bara, idan ka bi ta bayan unguwar Djamboutou a nan Garoua da sanyin safiya, lokacin da masallata suke dawowa daga asuba, za ka hangi wani dattijo a tsakiyar filin wasa na ƙaramar jami'ar nan tamu. Takalmansa na rataye a wuyansa, shi kuwa yana tafiya yana jan ƙafa a cikin rairayi kamar wanda ya yar da allura. Can sai ya tsaya, ya ɗaga tafin ƙafa, ya cire wani abu ya jefa a gwangwanin da ke hannunsa, ya ci gaba. Baƙo zai ce taɓin hankali ne. Mu da muke sana'a a bakin filin mun san Baba Zacharie ne yake aikinsa.

Ni dai ƙosai da kunu nake sayarwa a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke bakin filin, tun kafin a kewaye makarantar, don haka abin da zan faɗa idona ne ya gani.

Lokacin da aka buɗe makarantar, ɗalibanta ba su cika ajujuwa ba, balle a yi zancen wasanni. Wani matashin malami, Malam Nasrullahi, shi ya dage sai su ma sun shiga wasannin da jami'o'in ƙasa suke haɗuwa su yi kowace shekara. Fili kuwa babu, sai wannan fegi da shanu suke ratsawa in za su gangara kogin Binuwai. Yaran ba su da takalman gudu, yawancinsu haka suke zubawa da gudu ƙafa ba takalmi. Zuwansu na farko, can a Kudancin ƙasa, su suka zo na ƙarshe a komai. Da suka dawo na tambayi ɗaya me suka samo, ya ce, "Goggo, mun dai ga Kudu." Muka yi ta dariya.

Zacharie a lokacin mai gadin makarantar ne kawai. Manomi ne daga duwatsun wajen Mayo-Oulo, ya zo birni neman abin rufin asiri. Ba wanda ya sa shi, shi ne yake zuwa ya kwashe tokar murhuna ya ja musu layin gudu da ita. Nakan ce masa, "Zakari, tokar nan fa ba kyauta ba ce." Sai ya ce, "To Hajja, ki biya ni ladan shara, mu rabu lafiya."

Sai ga shekarar da suka samu yaro mai gudu na gaske, Luc, ɗan Guider. Kowa ya sa rai a kansa. Ana saura kwanaki kaɗan a tafi, ya taka fasasshiyar kwalba da ke binne a rairayi, ta yanke masa jijiya. Bai je ba, kuma bai sake gudu ba har yau. Iyayensa suka zo da ɓacin rai, shugaban makaranta ya ce a rufe filin, karatu aka zo yi. Malam Nasrullahi ya yi roƙo har ya gaji. A ƙarshe aka ce an ba su dama guda: ranar da ƙafar wani ɗalibi ta sake zubar da jini a filin nan, wasanni sun ƙare ke nan.

Aka sa ɗalibai shara. Zacharie yana tsaye yana kallonsu yana girgiza kai. Ya ce wa malamin, "Misye, tsintsiya ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Sai dai ta ƙara binne shi. A dutsenmu, kafin a zuba dawa a masussuka, mai gida ne yake fara taka wurin da ƙafarsa. Abin da zai soki yara, gara ya same shi."

Washegari ya tuɓe takalmi ya shiga.

Tun daga ranar, ba a taɓa busa usur a filin nan ba sai ya riga kowa takawa. Tsaidau, ƙarangiya, ƙusa, guntun kwalba, wayar da iska ta kwaso, duk a tafin ƙafarsa suke ƙarewa. Da damina ciyawa ta rufe wuri, ya taka. Da bazara, lokacin da rairayin Garoua yake iya dafa ƙwai, ya taka. Ranar Lahadi ma sai ya taka kafin ya wuce coci. Matarsa Rosalie ce take cire masa ƙaya da allura, tana yi tana faɗa. Ta taɓa ce mini, "Dada, ni fa na auri mutum, ashe tsintsiya na aura." Ɗalibai suka haɗa kai suka saya masa takalmi mai kyau. Ya karɓa ya yi godiya, ya ɗaure igiyoyin ya rataya a wuya. Su ne waɗanda aka saba gani a wuyansa.

A hankali abu ya yi kyau. Aka kafa ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan mata, aka samu masu tsalle, aka fara jin sunan makarantar idan an je wasanni. Shekarar da wata ɗaliba, Florentine, ta ciyo musu lambar tagulla ta farko a dogon gudu, har da ganguna aka tarye su. Ta sauko daga mota ta nufo shi da lambar a hannu. Ko kallon lambar bai yi ba. Ya ce, "Ɗiyata, nuna mini ƙafar tukuna." Sai da ya ga lafiya lau take, sannan ya ce, "To, yanzu kawo ƙarfen mu gani."

Baba Zacharie, kai ne garkuwar da ba a rataye wa lamba. Ba ka taɓa hawa motar zuwa wasanni ba, ba ka san yadda filayen Kudu suke ba, sunanka ba ya cikin hotunan da aka liƙa a ofis. Amma duk yaron da ya yi gudu a nan bai kalli ƙasa ba, kai ka kalla masa. Ba ka taɓa tambaya ɗan wane ne, ko masallaci yake zuwa ko coci. Ƙafa kawai ka sani.

Bana likita ya ce Baba yana da ciwon suga, kuma in ya sake yawo ba takalmi, ƙaramin rauni zai iya cinye ƙafar. Rosalie ta rantse in ya sake tuɓe takalmi ita za ta koma dutse. Dole ya ajiye aiki. Na same shi zaune a bencina, ƙosan ma ya ƙi ci. Ya ce, "Hajja, sharaɗin nan fa ba a janye shi ba. Ƙaya kuma ba ta san na tsufa ba. Wa zai taka?"

Sai na kai maganar wurin Malam Nasrullahi, wanda shi ma yanzu furfura ta cika masa kai.

Safiyar Litinin ina hura wuta sai na ga mutane suna taruwa. Ɗaliban yanzu, da tsofaffin da suka zama ma'aikata, Florentine da goyonta, har da Luc yana ɗan ɗingishinsa. Suka jeru daga wannan baki na fili zuwa wancan, kowa ya tuɓe takalmi, suka fara jan ƙafa a cikin rairayi. Malamin ya ce daga yau haka za a riƙa fara motsa jiki kullum, kuma kowane sabon ɗalibi sai an gaya masa wanda ya fara.

Mun gode, Baba. Useko, kamar yadda Fulani suke cewa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka ga jikokin waɗanda ka tsare. Ku kuma 'ya'yana masu karanta wannan, kowa yana da filin da wasu za su bi bayansa. A riƙa takawa kafin a ce yara su shiga.

Shi kuwa yana nan a bencina kowace safiya, takalman sun sauko daga wuya sun koma ƙafa, yana ɗaga musu murya: "Kai mai jar riga! Rawa ka zo yi? Ja ƙafar a ƙasa, kada ka ɗaga!"