Zuwa Fada a Ɓoye

Ni ɗan cikin birni ne a garinmu, can gaba da Kaduna. Daga gidan da aka haife ni zuwa ƙofar fadar sarki, mutum zai je da ƙafa ya dawo tuwonsa bai huce ba. Amma duk zuwan da muka riƙa yi gida daga Abuja ni da iyalina, ban taɓa samun damar kai 'yata ta ga cikin fadar nan ba, kuma Allah ya sani ba don rashin niyya ba ne.

Abin da ke faruwa guda ne kullum. Mu baro Kuje, inda muke zaune, bayan sallar asuba, mu shiga gari da hantsi, a fara da gidan Gwaggo, yayar mahaifina. Ita ce babbar da ta rage mana, kuma duk wanda ya kuskura ya taka wani gida kafin nata zai sha gori har shekara ta zagayo. Gwaggo ba ta san gaisuwar tsaye ba. Sai an shimfiɗa tabarma, an dama fura, an ɗora tukunya, an leƙa ta katanga an kira maƙwabta su zo su ga yadda yarinya ta girma. Daga nan sai gidan kawu. A gidan kawu a ce ai wance ta haihu, wane kuma ya yi rashi, ba a shiga gari a tsallake su. Kowane gida sai ka ci, in ka ce ka ƙoshi a ce Abuja ta sauya ka. Kafin mu farga an kira la'asar, hanyarmu kuwa ba ta bin dare ba ce. Sai in bi ta gaban fada a mota, in rage gudu, in nuna wa yarinya da yatsa in ce, "Ga ta can. Zuwa na gaba in sha Allahu za mu shiga."

Yarinyar nan mai son zane ce tun tana ƙarama, babu bangon gidanmu da bai sha fensirinta ba. A shekararta ta ƙarshe a firamare aka nuna musu hoton ƙofar fadar a aji, da zanen dagi da launukan da ke jikin ginin. Ta ɗaga hannu da murna ta ce garinsu ne. Wata ƙawarta ta tambaye ta ko ta taɓa shiga, ta ce a'a, aka yi mata dariya. Da farko takan tuna mini alkawari har in gaji da ji. Daga baya ta daina. A hutun da za ta tafi makarantar kwana na same ta tana zane a falo, na ce, "Kafin ki tafi sai na kai ki fada." Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "To, Baba."

Wannan "to" ɗin ta yi mini ciwo. Irin wadda ake ba mai tallar maganin gargajiya ce don ya wuce. Na ga alama yarinya ta ajiye maganata a inda ake ajiye maganar da ba a dogara da ita, ga shi kuma za ta bar gida da wannan a ranta.

Sai na yanke shawara: za mu je garinmu mu dawo a yini ɗaya, ni da ita kaɗai, ba tare da kowa ya sani ba. Da na gaya wa uwargida sai ta ajiye ludayi ta kalle ni.

"Garin da aka binne cibiyarka za ka shiga a ɓoye? Kamar wanda ya saci akuya?"

Na ce ko kamar wanda ya saci raƙumi ne sai na shiga. Ta ce Allah ya ba da sa'a, amma ranar da Gwaggo ta ji, ita dai ba da ita aka yi ba.

Na zauna na tsara tafiya tsaf. Jirgin ƙasa daga tashar Idu na fara tunani, sai na tuna jirgin nan zauren garinmu ne aka sa wa ƙafafu, ba ka zama a cikinsa ba ka haɗu da wanda ya san kakanka ba. Saboda haka mota. Juma'a ba ta yi ba, don rabin gari na sallah a gaban fada. Asabar ranar biki ce, dangi na yawo a titi cikin anko. Na zaɓi Talata, na nemi hutu a ofis. Har hanyar shiga gari na sauya, na ce za mu zagaya ta ƙofar yamma don kada mu bi ta gaban shagon kawu. Ina ta jin daɗin wayona.

Ana cikin haka sai na lura da wani abu da ban taɓa tunani ba, wato ban san yadda ake shiga fada ba. Filin ƙofar kowa na iya tsayawa, a nan muka yi wasa muna yara. Amma wuce zauren farko zuwa ciki, inda manyan soraye da zane-zanen suke, sai kana da wanda zai yi maka jagora ya gaya wa dogarai da zuwanka. Na duba sama na duba ƙasa, mutum ɗaya na sani da ke aiki a ofishin fada, kuma shi ne mijin 'yar Gwaggo.

Na daɗe ina juya waya a hannu kafin in kira shi. Na yi masa bayani dalla-dalla, na haɗa shi da girman Allah kada ya faɗa wa kowa.

Ya ce, "Haba Yaya! Ai kamar ka jefa dutse a rijiya ne."

Daga baya na ji yadda dutsen ya fito. Matarsa kaɗai ya gaya wa, wai don ta ɗan yi mana abin taɓawa. Ita kuma mahaifiyarta kaɗai ta gaya wa, wai don ta ara mata babbar kula. Gwaggo ba ta kira ni ba. Ta dai ambata wa wata maƙwabciyarta mai ɗa a kasuwar Kuje, shi ke nan allura ta tono garma.

Wanda ya fara zuwa gidanmu a Kuje wani Alhaji mai shagon kayan masarufi ne, ɗan unguwarmu ta can gida, da sallamarsa da galan ɗin manja.

"Ashe gida za a leƙa ba labari? Ga wannan ka miƙa wa Hajiya. Ai a kan hanyarka take, ba sai ka kashe mota ba ma."

Duk wanda ya san al'adar saƙo ya san wannan zance ne kawai. Ba a miƙa wa tsohuwa saƙon ɗanta ta tagar mota. Sai ka shiga, ka durƙusa, ka ba da labarin lafiyarsa da ta jikoki, ka sha ruwa, ka jira a haɗa abin da za ka komo masa da shi. Kowane ƙulli gida ne, kowane gida kuma zama ne. Kuma ba a ƙin karɓa. Mutumin da ya tsaya maka ranar suna, da wane baki za ka ce masa babu wuri a mota?

Bayan Alhaji sai tela, sai mai gyaran waya, sai matar wani da ban ma san sunan mijin ba. Baƙaƙen ledoji suka yi ta taruwa a bayan ƙofar falo. Har maƙwabciyarmu, wata Bagwariya 'yar Ushafa da ke da 'ya a makaranta a garinmu, ta shigo da doya da wata tukunyar ƙasa a naɗe cikin zani.

"Oga, sannu. Na ji kana tafi gida. Yarinya na yana sukul a wajen, abeg ka kai masa. Tukunya kuma ka ba Gwaggo naka, amma ka bi a hankali, yana fashewa."

Na karɓa na yi godiya, haushi kamar ya kashe ni. Tafiyar da na ɓoye wa dangina ga shi har Ushafa an sani. Uwargida kuwa duk ledar da ta shigo sai ta ce "Sannu da sirri," ta wuce kicin tana ƙunshe dariya.

Ranar Talata da asuba na loda kaya. But ɗin mota ya cika, kujerar baya ta cika, tukunya na ɗaure ta da bel kamar fasinja. Yarinya ta fito cikin shirinta, rungume da littafin zane da fensiran launi. Ta tsaya ta dubi motar. Ta san abin da kowace leda ke nufi, ai a gabanta aka sha yi. Ta koma ciki ta fito hannu rabbana.

Na ce, "Ina littafin?"

"Na ajiye. Kada ya ɓace a gidan mutane."

Raina ya ɓaci, ba da ita ba. Na shiga da kaina na ɗauko na ɗora mata a cinya. Na ce mata yau ko manja zai narke, ko doya za ta tsiro, babu gidan da za mu taka sai mun fito daga fada. Tun daga Zuba waya ta fara ƙara, na kashe ta na jefa a aljihu. Muka zagaya ta ƙofar yamma kamar yadda na tsara, har ina sunkuyar da kai in na hango mai kama da wanda na sani.

Muna karyo kwanar filin fada na taka birki. A ƙarƙashin itatuwan da ke gefen masallaci an shimfiɗa tabarmi, an jera kuloli da ƙwaryar fura. Kawu na nan, matansa na nan, wata mai jego na nan da jaririnta, ga wasu fuskoki da ban sani ba. A tsakiya, kan farar kujerar roba, Gwaggo ce zaune da sandarta da sabon mayafi. An gudu ba a tsira ba.

Na fito na durƙusa a gabanta. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara gaya mini, sannan ta ce, "Ɗan nan, an ce mini fada ta fi gidana. Shi ne na ce bari in zo da kaina in ga abin da ta fi ni da shi."

Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ta san halin zuwanmu, ta san in aka fara bin gidaje yini ya tafi, shi ya sa ta aika wa duk mai saƙo a motata ya zo nan ya karɓi abinsa, masu son gaisuwa ma su zo nan a yi ta a gama. Sannan ta miƙa wa yarinya hannu.

"Zo nan, kishiyata, tashe ni. Ni ma da kike gani, tun da aka haife ni a garin nan ban taɓa wuce zauren can ba. Kullum sai in ce gobe."

Surukin nata ya fito daga ciki yana washe baki, ko kunyar idona bai ji ba. Ya yi wa dogarai magana, ya sa Gwaggo da yarinya gaba. Na miƙe zan bi su sai wani daga cikin masu jiran saƙo ya riƙe mini hannun riga.

"Malam, a buɗe mana but ɗin tukuna, na bar shago ba kowa."

Na ce minti ɗaya ne, na buɗe. Sai a lokacin na gane baƙar leda duk kamanninta ɗaya, kuma babu wanda ya rubuta suna a jikin tasa. Galan ɗin manja ashe biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya cika, kuma tsofaffi biyu kowacce ta rantse cikakken ne nata. Na kunna waya na shiga kiran Kuje ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, wane, ledarka mai ɗaurin igiya ce ko mai ƙulli? Tela bai ɗauka ba. 'Yar maƙwabciyarmu ta zo da ƙawayenta ɗaukar doya, sai da aka gaisa. Kawu ya ce ba zan tsaya a rana da yunwa ba, ya dasa mini kwano a kan bonet. Duk wanda ya karɓi nasa kuma sai ya zaro wata ledar daga ƙarƙashin mayafi ya ce a kai Kuje. Ina ta waiwayen ƙofar fada ina gumi, ga ta nan kusa kamar in miƙa hannu in taɓa.

Ina rufe but ɗin, wanda ya sake cika fam, sai ga su sun fito. Gwaggo na dogara sanda tana faɗin ashe haka wurin yake da sanyi, yarinya na gefenta da littafi a buɗe, yatsunta duk launi. Ladan ya kira la'asar.

A hanyar dawowa bakinta bai rufu ba. Ta ba ni labarin rufin soro mai bakan gizo, da kaurin bango, da yadda Gwaggo ta sa wani dogari ya riƙe mata fensira tana kwafar zane. Rabon da ta yi mini hira haka har na manta. Mun kusa Kaduna sai ta juyo ta dube ni.

"Baba, wai kai ka taɓa shiga kuwa?"

Na ce mata ban taɓa ba.

Ta dafa mini hannu ta ce, "Kada ka damu. Zuwa na gaba in sha Allahu ni zan kai ka."

Na dubi hanya, na dubi ledojin da suka toshe mini madubin baya, na ce, "To."