Mai Gidan da ke Cikin Takardar Kuɗi

Da babur ɗin nan ya sake tsayawa a ƙofar gidanmu bai kashe inji ba, sai gabana ya faɗi. Ni kaɗai ce a gida. Baba ya kai Inna asibiti a Zariya, ya bar mini ajiyar kuɗin raken da ya sayar, sababbi fil, da su za a yi mata aiki. A makon kuwa ake ta faɗa a kasuwar Hunkuyi cewa zaren nan mai ƙyalli na jikin sababbin kuɗi yana nuna inda suke, wai har mutanen daji sun samu na'urar ganinsa.

Kada ku yi mini dariya. Na gama sakandare, na san alamar gane jabu ce. Amma ni rainon Kaka ce.

Ina ƙarama, lokacin matsar rake, ƙamshin mazarƙwaila kan shigo har tsakar gida. Da hantsi Kaka kan baje tabarma a rana, ta kunce bakin zanenta, ta ɗaga takardar kuɗi sama. "Zo ki gaida mai gidan." Sai in ga fuska a inda babu komai, kamar inuwa a cikin ruwa. In durƙusa in gaishe shi. "Ya amsa," in ji ta, "ke ce ba ki ji ba. Kuma yana ganin duk hannun da ya taɓa shi ba izini." Daga nan ta ninke fuskar ta ciki, ta tura a gwangwanin daddawa, wai wari ya sa shi barci. Ganinsa bai taɓa tsorata ni ba, don a hannunta yake.

Ran da babur ɗin ya dawo, sai ga ni na cusa kuɗin aikin Inna cikin gwangwanin daddawa. Na zaro ɗaya, na sa allura ina tsintar zaren, har takardar ta yage. Aka yi sallama, ban amsa ba. Na shige ɗakin Kaka, inda yanzu buhunan masara ke kwana, na maƙale a bayansu.

Bayan azahar Kawu ya same ni a nan.

"Ke, wa ya rasu?"

Na faɗa masa. Ya buɗe gwangwanin, ya kawar da hanci. "Lallai tsohuwa ta bar gado." Ya ce masu babur ɗin dillalan rake ne daga Gubuci, Baba suke nema, a masallaci suka tambaye shi. Ya murza guntun zaren a yatsunsa. "Wayarki in ba caji tana magana? To wannan da me zai yi? Ba mai bin ki, 'yar nan. Tashi ki sha ruwa."

Na yarda da shi, ko da yake har yau ƙarar babur na tsinka mini zuciya. A da, abin da ba ka gani wasa ake maka da shi a kan tabarma. Yanzu a kasuwa ake jin labarinsa, kuma babu zanen da za ka ɓuya a bayansa.

Da Kawu ya fita, na ɗaga yagaggiyar takardar a hasken ƙofa. Fuskar na nan. Na gaishe shi a hankali, na jira. Ba wanda ya ce mini ya amsa.