Toktosun da Ramin Kara-Bel

Toktosun mai kiwon zuma ne. An haife shi a wani ƙauye da duwatsu suka yi wa zobe a yankin Toktogul, inda yaro kan hau doki kafin ya iya ɗaura wando, mata kuma su bi hanyar awaki suna hira. A cikin irin waɗannan mutane Allah ya halicce shi da tsoron leƙa ƙasa daga sama. Masu son jin dalili sai su yi haƙuri, domin babu. Bai taɓa faɗowa ko daga kan jaki ba, bai kuma ga wani ya faɗa ba. Kawai da ya hango rami sai tafin ƙafarsa ya yi sanyi, yawun bakinsa ya ƙafe, ya ji kamar ana jan sa ƙasa.

Ya iya ɓoye abinsa. Aikin soja a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya yi shi, can ya koyi tuƙi. Da ya dawo aka ba shi kula da zumar gonar gwamnati, wadda ke zaune a cikin kwari, ba a hawa dutse da ita. Sai gonar ta watse aka raba kaya, shi ya tashi da akwatin zuma ashirin da huɗu da wata tsohuwar babbar mota. Da hannunsa ya gina ɗaki a bayan kan motar, mai gado da murhun ƙarfe da taga ɗaya, sauran wurin ya jera akwatunan ya ɗaure su. Ya samu gida mai taya, amma furen da zuma ke so lokacin zafi yana can makiyayar kan dutse. Hanyar zuwa ɗaya ce, ta Kara-Bel, kuma a cikinta akwai wani wuri mai taku ɗari shida, dutse a dama, a hagu babu komai sai iska da ƙarar kogi can ƙasa.

Shekarar farko, da suka iso bakin wurin, ya tsayar da mota ya kifa kai a sitiyari ya gaya wa matarsa Kalicha gaskiya. Ita kuwa tun tana budurwa take tuƙa tarakta a gonar taba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tsaya lallashi ba. Cire masa farar hularsa ta yi ta ɗora a kanta, ta ce ya matsa. Ya shige ɗaki ya ja labule ya kwanta rub da ciki. Da suka wuce ramin, a wani marmaro kafin a kai bukkokin makiyaya, ta mayar masa da hularsa da sitiyarinsa. Haka suka yi shekara talatin da ɗaya, hawa da sauka. Duk wanda ya hango motar daga nesa farar hula yake gani, ya ce lallai Toktosun akwai hannu.

Bara yanar ido ta fara rufe wa Kalicha gani. Kafin shekara ta zagayo ba ta gane mutum sai ya yi magana. Ɗansu Ermek kuma yana Rasha wajen aikin gini.

"Tsoho, mu nemi direba," in ji ta, tun da sauran mako biyu su hau dutse.

"In ce masa me? Na manta tuƙi?"

"Ka ce bayanka ke ciwo."

"Jiya duk gari sun gan ni da buhun fulawa a kafaɗa. Zan iya, tsohuwa. Taku ɗari shida ne fa kawai."

Ta ci gaba da murza ƙullun burodinta.

Tafiya da zuma tana da ƙa'ida. Ana toshe ƙofofin akwatuna da almuru bayan ƙudan sun koma, a kama hanya da asuba, a buɗe musu kafin rana ta yi zafi. Muddin mota na tafiya, iska na shiga ta ragar saman akwati. Idan ta tsaya a rana sai ƙudan su rikice, zafi ya tashi a ciki, saƙa ta narke, zumar da suka tara ta shaƙe su.

Sun tashi bayan sallar asuba, suka iso Kara-Bel da hantsi. Toktosun ya yi bisimilla ya sa giya ta ɗaya, ya kafa ido a kan hanya. Ya ci kamar taku ɗari, har ya fara jin cewa ashe abin ba wuya. Sai wani tsuntsu ya gifta ta hagu, idonsa ya bi shi, ya ga tsuntsun yana shawagi a ƙasa da tayar motarsa. Ya danne birki. Injin ya yi tari ya mutu.

Awa guda ya yi a haka. Yatsunsa sun ƙage a sitiyari, gumi ya jiƙa masa riga. Kalicha ta zuba masa shayi ya kasa sakin hannu ya karɓa. Ta karanta masa duk addu'ar da ta sani. Baya ba ta komuwa a wannan siririyar hanya, buɗe akwatuna a nan kuma halaka ce, don fusatattun ƙuda za su rufe su a bakin rami. Rana tana ta hawa. Kukan zumar da ke bayansu ya tashi daga gunaguni ya koma ruri, warin narkakken kaki ya fara shigowa ta taga.

"Suna mutuwa, baban Ermek."

"Ina ji. Wallahi ƙafata ba ta motsi."

Ta buɗe ƙofarta ta wajen dutse ta sauka. Ya ga hannunta yana laluben gaban motar, tana zagayowa a hankali, har ta iso gefensa ta tsaya tsakanin ƙofarsa da ramin. Wurin bai fi kamu biyu ba. Ta kama ƙarfen madubi.

Ya so ya yi mata tsawa, sai ya ɓige da roƙo. "Kalicha, don girman Allah koma ciki."

"Ni ba na ganin ramin nan, don haka ba ruwansa da ni. Tafiya zan yi, ko ka biyo ni ko ka zauna. In kana tafe ina da abin riƙewa. In ka matso hagu ni za ka ture, sai ka manne wa dutse."

"Ki rufa mini asiri."

"Shekara talatin da ɗaya ina rufawa. Tayar da mota."

Ta saki ƙarfen ta ɗaga ƙafa. Bai san lokacin da ya murɗa makulli ba. Motar ta motsa, ta sake kama ƙarfen, suka tafi da saurin tsohuwa. Idonsa na kan farin ɗankwalinta, yana matse motar jikin dutse don ya bar mata wurin taku, har madubin dama ya goge ya fashe. Kada wani ya ce tsoron ya bar shi, yana nan daram. Wani tsoron da ya fi shi nauyi ne ya hau kansa ya danne shi. Sau biyu tsakuwa ta zame a ƙarƙashin takalminta, sau biyu numfashinsa ya ɗauke. Ita kuwa ƙirga takunta kawai take yi a hankali.

A bakin marmaro ya tsaya, ya bi akwatunan yana zare toshiya. Ƙudan akwati sha takwas suka fito suka cika sama. Kalicha ta bi sauran tana kara kunne a jikin katako, ɗaya bayan ɗaya.

"Shida," in ji ta.

Ya buɗe na farko. Saƙar ta rufta, ƙudan sun dunƙule a cikin zumarsu, baƙi ƙirin. Ya ɗebo su cikin tafin hannu ya zauna a ƙasa, baƙin ciki ya cika shi, hawaye na bin gemunsa. Ya san ba rana ce ta kashe su ba, awa gudan da ya zauna ce, da direban da ya ƙi nema.

Suna nan sai ga Shabdan, makiyayin da bukkarsa ta fi kusa, a kan doki da salkar nonon goɗiya, kamar yadda yake tarbarsu kowace shekara.

"Yaya Toktosun, yau rana ta riga ka. Har mun ce ko angwanci kuka tsaya yi a hanya." Sai ya ga abin da ke hannunsa, dariyar ta ɗauke. "Subhanallahi. Me ya faru?"

"Injin ne ya yi zafi, ƙanena," in ji Kalicha da sauri.

"Injin lafiyarsa lau," in ji Toktosun, bai ɗaga kai ba. "Tsoro na ji, Shabdan. Ramin can nake tsoro tun ina yaro. Ban taɓa tuƙa mota a wurin ba sai yau, ita ce take tuƙawa da hulata. Yau ma da ƙafa ta ja ni, ga ta ba ido."

Shabdan ya dubi tsohuwar, ya dubi takalminta da ya yi futu-futu da ƙura. Ya sauko daga doki a hankali ya ajiye salkar.

"In sanyi ya matso ka nemo mini wanda zai sauke mu," in ji Toktosun. "Kuma in ya tambayi dalili, ka gaya masa."

Shabdan ya naɗe hannun riga ya ɗauki bokiti ya nufi marmaro, don akwati shida ne ke jiran wanki.