Mushe Idi da Alƙalinsa

Ranar da yayana Mushe Idi, wato Malam Idi a bakin 'yan Faransanci, ya yi aikinsa na ƙarshe, mu huɗu ne a shagonsa: shi, ni, ɗiyata Rabi, da Alhaji Seyni mai manyan motoci. Ina shiga Yaya ya ce, "Kande, ƙofa!" Kun dai san shi, abin da aka buɗe sai an rufe. In ya shigo gidanki, kafin gaisuwa ya rufe miki tukunya. Yaro ya yi hamma, ya ce, "Rufe!"

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ina da ido. Gina shafin intanet Yaya yake koyarwa, kuma cikin tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, akwai wani abu mai duba aiki, ya girmi Rabi, shi yake kira Alƙali. In ya ga kuskure sai ya yi ja. Ɗalibai suka ce, "Mushe, duniya ta daina aiki da wannan." Ya ce, "Duniyar ce ba ta da tarbiyya."

Da aka rufe gadar kan iyaka a mulkin sojan nan, duk garinmu Gaya na kuka, shi ko ya ce, "Kai! Ashe akwai masu jin magana."

To, Rabi ta gina wa Alhaji shafi da sabon salo, in ya karɓa ta sami aiki wurinsa. Mushe ya ce shafin ba ya fita shagon sai Alƙali ya yarda. Aka sa. Ja wur, kamar an yanka rago!

Alhaji ya ce, "A wayata ga shi lafiya lau."

"Wayarka shaida ce, Alhaji, ba alƙali ba."

Na jawo kujera, na wangale ƙofa, na zauna. Na ce, "Yaya, ba ni tashi, ba ni rufewa, sai ka saki aikin Rabi."

Ya dubi ƙofa, ya dubi Rabi, gumi na zuba. Can sai ya zare mayafin kafaɗarsa ya lulluɓe ordinatar, ya rage murya: "Alƙali ya shiga barci. Ku kwashe aikinku, ban da motsi."

Rabi na wurin Alhaji har yau.

Ranar nan da la'asar ciwo ya kada Yaya, aka yi gidan likita da shi a gaggauce, bai dawo ba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya buɗe masa ƙofar rahama. Rufewa kam, na san da kansa zai yi.

Washegari da safe na je shagon, na iske shi a buɗe. Na gyara wa Alƙali mayafinsa, na ja ƙofa na rufe.