Dutsen Niƙana Ya Shiga Abuja

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, ni da ƙanwata da mai motar. Mai motar ɗana ne na fari, don haka kada ku jira in kama sunansa. Gwamnati ta kwashe kayanta daga Ikko ta koma Abuja, shi ma aka kwaso shi aka ba shi gida a Kubwa, ya zo ɗaukata in sa wa gidan albarka. Mai rubuta mini, rubuta yadda na faɗa, ban da gyara.

Motar nan ban taɓa shiga irinta ba. Wajen wani Bature da zai koma ƙasarsu ya saye ta, doguwa, baƙa, kujera kamar gadon amarya. Ya ce ba ta da sifirin irin na sauran motoci, a kan jakunkunan iska take zaune. Ni dai na ce to.

Akwai abin da bai sani ba. Dutsen niƙana, wanda na gada wajen uwata, ita ma wajen tata, na ce da shi zan tafi in ajiye a gidansa, don ba na so in mutu a mai da shi wurin ɗaure akuya. Ya ce, "Inna, Abuja za mu, akwai injin niƙa, kuma dutsen zai karya mini mota." Ban yi musu ba. Ana gobe tafiya, da ya fita sallar la'asar ya bar mini but ɗin motar a buɗe in shirya kayana, na kira maƙwabta suka cicciɓi dutsen da ɗansa suka sa can ƙurya. Na lulluɓe da bargo, na jera buhun gero da kuka da daddawa a kai. Sai bayan motar ya zauna daɓas. Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Amma da asuba, cikin duhu, yana tayar da ita sai na ji wani gurnani daga ƙasa, bayan nan ya miƙe a hankali har ya daidaita. Ƙanwata ta mintsine ni. Wallahi tun daga nan na ƙaunaci motar, ta san darajar manya.

Hanya kuwa sai hamdala. Rami ya zo ya wuce, ƙuguna bai sani ba. A Kaduna muka sayi ƙosai mai zafi, ƙanana ƙwarai, kamar da cokalin shayi aka zuba su. Daga Kateri ƙasa ta fara canjawa, ciyawa ta yi tsawo, duwatsu suka fara leƙowa. Manyan motoci kuwa jere, ɗauke da tebura da kabad na ofis, har na ga wata da tukwanen fulawa a sama, wai su ma an yi musu canjin wurin aiki. Matan Gwarawa na tafe a gefen titi da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, na yi ta kallonsu har wuyana ya gaji.

Mun wuce Tafa kaɗan sai ji muka yi fam! Motar ta yi rawa, ya riƙe ta da kyau, ya gangara gefe inda ƙasa ta fi daidaita, kusa da rumfar wani mai doya. Tayar baya ce ta fashe. Ya ce kowa ya fito, ba a ɗaga mota da mutum a ciki. Ya nufi but. Ƙanwata ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Ya sauke gero, ya sauke kuka, ya yaye bargo. Ya daɗe a tsaye.

"Inna, mene ne wannan?"

"Idonka ya samu matsala ne?"

Mai doya, wani dattijon Bagware mai fara'a, ya taya shi suka sauke dutsen suna nishi, don tayar canji tana ƙarƙashi. Yaron nan ya ce nauyin ne ya fasa masa taya, a bar dutsen wajen mai doya, wata rana zai aiko a ɗauka. Na san wata ranar 'yan boko. Na gyara zanena na hau dutsena na zauna, na ce duk ranar da zai aiko, a ɗauke mu tare.

Muna cikin haka mai doya, don kirki, ya riga ya tura jak, ƙarfen ɗaga mota, ƙarƙashinta zai fara juyawa. Yaron nan ya daka tsalle. "Baba, tsaya! Ba a kashe ta ba!" Dattijon ya ce, "Oga, ai inji ya mutu." Yaron ya ce injin daban, iskar daban. Motar nan ko an zare makulli ba ta barci nan take. In ka ɗaga gefe guda, sai ta ɗauka ta karkace, ta shiga sakin iska don ta gyara zama, kuma in ta motsa a kan jak tana iya zamewa ta danne hannun mutum. Ya nuna mana wani ɗan makunni a bangon but, daidai inda dutsena ya tokare tun Zariya, ya danna shi. Ya ce yanzu ta yi barci.

Na zuba ido, don ni ba a yin abu a gabana ban koya ba. Ya ja birkin hannu. Ya sassauta notuna tun taya tana ƙasa. Ya karɓi wani faffaɗan katako wajen mai doya ya shimfiɗa don kada jak ya nutse, ya laluba ƙarƙashin motar har ya sami wurin da aka yi wa alama, ya ce ko'ina ba nan ba lotsawa zai yi. Saura abin da za a tare tayar gaba kada ta gangara. Suka duba, babu. Masu aikin titi sun share wurin tas, sai ɓurɓushin jar ƙasa da ke murƙushewa a hannu. Ga duwatsu can kamar su taɓo sama, amma ba na ɗauka.

Na ga idonsa ya sauka a kan abin da nake zaune a kai. Na kau da kai ina kallon doya.

"Inna, a ba ni aron ɗan dutsen."

"Ba ya aiki sai da uwarsa. Kuma in sun yi maka aiki, a motar za su ƙarasa."

Mai doya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Oga, Mama ya ci ka." Aka kai uwar gaban tayar gaba ta ɗaya gefen, ɗan a bayanta. Yaron ya ɗaga motar a hankali, ya hana kowa kusantowa, shi ma bai sa ko yatsa a ƙarƙashi ba. Ya cire tayar ke nan sai ga wata tirela ta wuce a guje, iskarta ta kaɗa motar har na ji jak ya yi ƙara. Dutsena ko gezau. Ya ɗaura sabuwa, ya sauke motar ƙasa, ya ƙara ɗaure notuna, sannan ya tashe ta da makunnin. Ta yi gurnaninta ta miƙe. A jikin tsohuwar tayar kuwa ƙusa muka gani, doguwa kamar yatsana. Na dai tabbatar ya ga na gani. Da hannunsa ya shimfiɗa bargon, shi da dattijon suka mai da dutsen.

Muka wuce Dutsen Zuma, na gaishe shi a madadin nawa. Kubwa gidaje ne iri ɗaya reras, in ka fita sai ka ƙirga ƙofa kafin ka gane taka. Ya zaga da ni cikin gari, tituna faɗi-faɗi ba mutane, gine-gine rabi a tsaye. Inji kuwa da ya yi mini alkawari, yana can bakin kasuwa, kuma sai an kawo wuta. Kafin in bar garin, matan layin, har da wata Bayarabiya, suna sallama da tattasai a kwano suna tambayar sarakuwata, matar ɗan nawa, ko dutsen Mama yana hutu.

A motar haya na dawo, ƙuguna ya ba ni labarin kowane rami. Abin da na koyo, mota mai iska sai an sa ta barci kafin a ɗaga ta, kuma a tare ƙafarta da abu mai nauyi. Na shiga gida na tarar da gurbin dutsen a gindin bango, ƙasar wurin ta yi santsi. Na ɗan tsaya a kansa. Shi yana can babban birni da baƙin shatin taya a gefensa, na kuma hana a wanke.